Ragon Hajo da Sinancin Malam Muminu

Shekara ashirin da biyu muna zaune shago ɗaya da Malam Abdulmuminu a layin teloli na Fagge, kekensa na kallon nawa, kuma ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. In ka kawo zancen jirgin sama, ya san abin da ke ɗaga shi. In matarka na ciwon haƙori, yana da magani. Ɗinki kam ya iya, ba zan zalunce shi ba, wuyan riga in ya fito daga hannunsa sai ka tsaya kana kallo. Sauran abubuwan da yake cewa ya iya kuwa, sai dai mu ce Allah ya kyauta.

Bana sai ya tashi da Sinanci.

Abin ya samo asali ne ranar da muka je Sabon Gari sayen allurai wajen Boniface, wanda muke sayen kayan keke a hannunsa tun yana da gashi a ka. 'Yarsa Ifunanya haifaffiyar Kano ce, ta yi shekara huɗu tana karatu a ƙasar Sin, ta dawo tana yi wa wani ɗan Chana tafinta. Mutumin dilan atamfa da shadda ne, sitonsa na bayan shagon Boniface. Sunansa Gao, kasuwa ta mayar da shi Gawo, duk da cewa tsayinsa bai kai kafaɗata ba. Boniface ya ce mana yarinyar na neman aiki a Legas, in ta samu Mista Gawo zai buƙaci wanda zai maye gurbinta.

Na ga idon Muminu ya yi wani ƙyalli, na san hutuna ya ƙare.

Sati uku ya yi da waya a kunne, wata malama tana ta rera masa kalmomi, ɗinkin mutane na jibge. Ranar nan da safe a teburin mai shayi ya ajiye kofinsa, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, na gano abin da masu digiri suka kasa ganowa. Yaren Chana Hausa ce."

Mai shayi ya ce, "Hausa kuma, Malam?"

"Hausa ce ta yi tafiya, ta daɗe ba ta dawo gida ba. Suna cewa ni. Suna cewa shi. Suna cewa ma. In mutum zai nuna abu nasa ne, sai ya ce ni de. Nuru, me ka ji?"

Na ce, "Ni dai."

"Madalla. Ni dai, ba wani ba. Nawa ke nan."

"To naka fa?"

"Wo de. Biyu ne ai. Tunda ni de nawa ne, me ya rage wa wo de in ba naka ba? Abu ne na hankali."

Bari in rage maka wahala tun yanzu, don ni sai daga baya aka rage mini. A Sinanci wo shi ne ni, ni kuwa shi ne kai, de ɗin ita ke nuna mallaka. Wo de nawa, ni de naka. Malamar wayar ta yi wannan bayanin da Turanci dalla-dalla, amma daidai wurin Muminu yake tsallakewa, don a cewarsa ba a koya wa mutum ni.

Ifunanya ta yi ƙoƙarin ceto shi, ni shaida ne. Da muka koma sayen man keke ya tare ta da Sinancinsa, ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Baba Muminu, wallahi ka yi ƙoƙari. Sai dai ni ɗin nan da kake faɗa, ba kai ba ne."

"Ni ba ni ba ne?"

"A yarensu, ni kai ne."

"Ni kai ne." Ya juyo ya dube ni. "Nuru, ka ji abin da boko ke yi wa yara. Shekara huɗu uba yana fama, ta dawo tana ce wa sa'an ubanta shi ba shi ba ne."

"Baba, bari in rubuta maka."

"'Yata, ke ta makaranta kika koyo. Ni ta asali nake yi, tun kafin ta bar gida."

Boniface ya ce, "Ƙyale Malam, Ifunanya. Ni shekara ashirin ina gaya masa sunana Boniface, har gobe Bala Fes yake kirana."

Daga nan shagonmu ya zama allo. Almakashinsa NI DE, butarsa NI DE, dutsen gugarsa NI DE, har kujerar da baƙi ke zama. Wani ɗan Chana ya shigo rannan a rage masa ƙafar wando, ya karanta bayan kujerar, ya tuntsire da dariya, ya rungume ta ya ɗauki hoto. Muminu ya ce mini mutumin ya ga ɗan'uwa ne a baƙon wuri, shi ya sa.

To, matar Muminu, Hajo, tana da rago. Da gumin tuyar dubulan ta saye shi yana ɗan ƙarami, shekara biyu tana ba shi dusa da harawa a gidansu na Rijiyar Lemo, tana yi masa wanka da sabulu. Tun ranar da ɗansu Abdurra'uf ya yi aure ta ɗau alkawari, wannan ne ragon sunan jikanta na fari. Layya biyu ta wuce, Muminu ya kewaya ya kewaya, ta ce ko da ido kada ya taɓa shi. Ranar wata Asabar Raudha matar Abdurra'uf ta sauka, aka sami namiji. Suna Asabar mai zuwa.

A waje kuwa babu wanda ya taɓa jin sunan Hajo a zancen ragon nan. Ragona ya ƙi cin dusar bana, ragona ƙahonsa ya yi nadi biyu, ragona in ya yi kuka har Kurna ana ji. Ni kaɗai na san gaskiya, don matata ce ta raka Hajo sayensa.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Muminu cikin babbar riga, janye da rago fari fat.

Na ce, "Ina za ka da ragon Hajo?"

"Ragon gidana."

"Ta sani?"

"Ta san na kai shi likitan dabbobi ya duba shi kafin suna." Ya rage murya. "Yau zan je wurin Gawo. Ɗan Chana ba ya ɗaukar matsiyaci aiki, Nuru. In na je hannu rabbana, me zan nuna in ce ni de? Almakashi?"

Ya dama shuni mai kauri, ya ɗauko buroshin share keke, ya rubuta NI DE a kowane gefe na ragon, manyan baƙaƙe irin na bayan tirela. Kafin ya gama gefen hagu, ragon ya cinye mini tef ɗin awo daga inci ɗaya zuwa sha tara, ya kuma tauna hannun rigar wani ango da ke rataye. Na rufe kekena na bi su, don Hajo, ba don shi ba.

Mai adaidaita na farko ya ce ba ya ɗaukar dabba. Na biyu ya ce zai ɗauka in dabbar ba za ta yi masa kashi ba, Muminu ya ce ragonsa mai tarbiyya ne. Ba mu kai ƙarshen layi ba ya ƙaryata shi. Muka tafi a haka, ni a gefe, Muminu a gefe, rago a tsakiya yana hura mini hanci a kunne. Muminu ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa, yana ta bitar jawabin da zai yi.

A mahaɗar Bata muka tarar da cunkoso. Wani mai kura ya zo ya tsaya daidai gefenmu da lodin kabeji, kore shar. Ban ga lokacin da ragon ya yanke shawara ba. Na dai ga ƙafafunsa na baya sun wuce ta gaban fuskata, Muminu ya bi bayansa a kwance. Babbar rigar ta maƙale a ƙarfen adaidaita, ta tsage daga wuya har ƙasa, ɗinkin da ya yi kwana tara yana yi. Ya faɗa cikin farantin wata mai lemo, igiya ta zame, lemo ya watse ƙarƙashin motoci. Mai kura ya ga rago ya nufo kabejinsa, ya tura a guje, rago ya rufa masa baya.

Muminu ya miƙe yana nuna ragon yana ihu, "Ni de, ni de."

Mai lemo ta cafke abin da ya rage na rigar. "Eh, kai dai. Kai dai za ka tsince su, ɗaya bayan ɗaya."

Kafin mu gama tsintar lemo daga ƙarƙashin wata motar siminti, rago ya ɓace cikin Sabon Gari.

Mun neme shi ranar har la'asar. Alhamis ma haka, layi-layi, har kasuwar dabbobi muka je muna leƙa haƙarƙarin ragunan mutane, wani dillali ya kusa marin Muminu. A gida ya ce wa Hajo likita ya riƙe ragon ana yi masa ƙarin ruwa. Ita kuwa kowace safiya sai ta ƙullo masa dusa a leda, ta ce a kai masa, ba ya cin ta kowa sai wadda ta haɗa da hannunta. Muminu ya zo ya cusa ledar ƙarƙashin kekensa. Ledar nan ta fi komai ɓata mini rai, na kasa kallon wajen.

Juma'a da safe Boniface ya kira ni. Ya ce yanzu ya leƙa farfajiyar siton Gawo, ya ga ragonmu a ɗaure a inuwa yana cin kabeji. Ashe mai kurar nan siton yake kai wa kaya, ragon ya bi shi har ciki. Mista Gawo ya fito ya tarar da farin rago a ƙofarsa, an rubuta masa naka a kowane gefe. Kwana biyu mutumin yana tambayar wanda ya aiko, babu wanda ya gane me yake faɗa, don Ifunanya ta tafi Legas ganawar neman aiki tun Talata, sai yau za ta dawo.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Tashi mu je mu karɓo igiya mu kai wa Hajo abinta."

Muminu ya ce, "Karɓar igiya? Nuru, ba ka da hangen nesa. Wannan jarrabawar aiki ce Allah ya kawo har gida."

Ya ari riga daga cikin ɗinkin mutane ya saka. Ya bi layi shago-shago yana gayyata, wai a zo a ga yadda ake magana da ɗan Chana ba tare da ɗan tsakiya ba. Teloli goma sha suka rufe kekunansu. Mai shayi ma ya sauke tukunya ya biyo mu. Da muka isa, 'yan dako da masu shagunan layin Boniface suka ƙaru, farfajiya ta cika.

Mista Gawo ya fito, ɗan gajere mai tabarau, yana murmushi. Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, sannu, nawa, babu, gobe. Ya dubi taron, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sannu, sannu. Ni hao."

Muminu ya juyo wajenmu. "Kun ji? Ni hau. Wai shi ne a sama. Da girman kai ya fara."

Boniface ya nuna wa Gawo Muminu, ya nuna rago. Fuskar mutumin ta washe, ya kwance igiyar, ya ce, "Shi ni de ma?" Tambaya ce, naka ne?

"Ya ce shi, ni dai ma. Wato shi ma yana da'awar ragon." Muminu ya gyara hula, ya tako gaba, ya nuna ragon, sannan ya kaɗa yatsa daidai ƙirjin Gawo. "Ni de."

Gawo ya ja baya, ya kaɗa hannu biyu. "Bu, bu. Bu shi wo de." Ba nawa ba ne, in ji bawan Allah.

"Ba shi, wo de. Ya ce wai ba nawa ba ne. Kwana biyu da cin kabeji, har ya zama nasa."

Taro ya yi gunaguni. Wani tela ya ce dama haka suke, su shigo da atamfa su fita da rago. Gawo ya matso, ya miƙo igiyar da hannu biyu, ya ce, "Ni de. Shi ni de."

Na raɗa wa Muminu, "Ga igiya yana ba ka. Karɓi mu tafi."

"Ba ni yake ba, tsokana ce. Yana miƙowa yana cewa nasa ne, in na isa in taɓa. In na karɓa a haka, sadaka ya ba ni." Ya mayar da hannayensa baya ya harɗe. "Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa. Sai ya faɗe ta a gaban jama'a."

Na san kalmar, kuma a lokacin ban san tana da illa ba. Abin da na sani shi ne gobe suna, ga igiya a tafin hannu, ga mutum ya ɓoye hannunsa a baya. Na zame bayan wata mota na kira matata, na ce ta gaya wa Hajo duk abin da take yi ta ajiye, ta zo bayan shagon Boniface. Na ci amanar aboki, kuma har yau ban yi nadama ba.

Na dawo na tarar abin ya yi zafi. Gawo ya miƙa igiya, Muminu ya ture ta da gwiwar hannu. Gawo ya rataya masa a kafaɗa, Muminu ya girgiza ta faɗi, ya ɗauka da yatsa biyu ya ɗora wa Gawo a wuya.

"Ni de."

"Ni de, ni de."

"Ni de, na ce."

Gumi ya jiƙa rigar aron. Teloli na ƙarfafa masa gwiwa, Malam kada ka sassauta. Rago na tsakiya yana cin kabeji, bai ɗaga kai ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk tsawar da Muminu ya daka, sai Gawo ya ƙara rusunawa, idonsa ya ƙara laushi. Can na ga ya cire tabarau ya goge ido.

Mai shayi ya ce, "Malam, ai kuka yake."

"Gaskiya ce ta kama shi."

Gawo ya mayar da tabaransa. Ya dubi ragon, ya dubi Muminu, ya dafa ƙirji, ya ce a hankali, "Hao. Wo de." Sannan ya kama hannun Muminu da hannu biyu yana girgizawa. "Shiye-shiye. Shiye-shiye ni." Na gode, in ji shi.

Muminu ya ɗaga ɗaya hannun sama. "Wo de. Kun ji da kunnenku. Ya ce naka ne. Ya sallama."

Farfajiya ta ɗauki tafi. Mai shayi ya tambayi shiye-shiyen fa, Muminu ya ce kayan shaye-shaye mutumin ya ce a kawo, na ban haƙuri. Kamar da gayya, Gawo ya ruga ciki ya fito da wani jan gwangwanin ganyen shayi mai zanen zinare, ya danƙa masa. Ya kira iyalinsa ta bidiyo a waya, ya rungumo kafaɗar Muminu yana nuna musu shi, suna ta ɗaga masa hannu. Muminu ya ce mana ana gabatar da sabon tafinta ne.

Gawo ya yi wa mai gadinsa magana da hannu, mai gadi ya ja rago bayan sito, ya fita da sauri.

Na ce, "Ina za a kai shi?"

"Wanka. Ba za su maido mini da shi da datti ba. A mota za a kai shi gida, ka zuba ido."

Ya zauna a kan wani dilan atamfa, gwangwani a hammata, yana koya wa teloli yadda ake lanƙwasa harshe. Bala Fes, in ji shi, ka gaya wa 'yarka ta zo ta ɗauki darasi kafin ta tafi. Ba a jima ba mai gadi ya dawo, wani mutum na biye da shi da buhu a kafaɗa. Ya yi sallama ya wuce baya. Sai muka fara jin ƙarar ƙarfe a kan dutse, ƙyas, ƙyas.

Boniface ya ce, "Malam, wannan wankan da wuƙa ake yi?"

"Gyaran kofato ne," in ji Muminu, amma muryar ta ɗan sauka.

Daidai nan Ifunanya ta shigo da jakarta, daga tasha take. Gawo ya tare ta da murna, yana ta zuba, yana nuna Muminu, yana dafa ƙirji. Na ga fuskar yarinyar ta canja. Ta ajiye jakar.

Boniface ya ce, "Me ya ce?"

Ta dubi Muminu, ta dubi ƙasa. "Ya ce shekararsa shida a Kano bai taɓa ganin karamci irin na Baba Muminu ba. Ya ce an aiko masa rago da rubutu a jiki, naka. Ya ɗauka kuskure ne, ya nemi mai shi ya mayar. Sau bakwai yana cewa naka ne, sau bakwai Baba yana cewa a'a, naka ne, har da faɗa. A wajensu ana ƙin kyauta sau biyu ko uku don kunya, amma ƙin ta har sau bakwai wulaƙanci ne, shi ya sa ya karɓa. Ya ce yau duk ma'aikatansa za su ci nama, ya gayyaci kowa."

Mai shayi ne ya fara, wata irin dariya ta hanci, daga nan farfajiya ta rushe. Wani tela ya zauna a ƙasa riƙe da ciki. Boniface ya jingina da bango yana share hawaye da gefen riga. Gawo ya ga ana dariya, shi ma ya shiga.

Muminu ya miƙe. "To, 'yata, gaya masa wasa nake."

"Baba, ya nuna ka ga matarsa da surukarsa. Ga shayinsa a hammatarka. Ni ba zan iya ba, sai dai kai." Ta matso kusa. "Kalma biyu ce. Ka ce wo de. Zai gane."

Wo de, a gaban teloli goma sha, bayan sati uku yana koya musu akasin haka. Ya buɗe baki. Ya dubi mai shayi, ya dubi 'yan dako, ya rufe. A bayan sito ƙarar dutse ta tsaya, muka ji mahauci na cewa a kama masa ƙafafun baya. Na ce, "Muminu, ragon suna ne." Ya sake buɗe baki, leɓensa ya yi zobe, babu abin da ya fito. A lokacin, da a ce da abin duka a hannuna, da abotar shekara ashirin da biyu ta ƙare a wurin.

Adaidaita ta tsaya a bakin ƙofa. Hajo ta sauko, mayafi a karkace, garin fulawa har gwiwar hannu, ta baro dubulan ɗin suna a kan wuta. Taro ya dare mata. Ba ta dubi mijinta ba. Ta tsaya tsakiyar farfajiya ta tsotsi leɓe sau biyu, yadda take kiransa cin dusa.

Muka ji mahauci ya yi salati, bokiti ya kife. Sai ga rago ya zagayo a guje, igiya na jan ƙasa, ƙafa ɗaya da ɗaurin da ba a gama ba. Ya zo ya cusa kai cikin zanenta. Ta duƙa ta kwance masa ƙafar, ta sa gefen mayafi ta goga shuɗin rubutun, ya ƙi fita.

"Wane ne mai wurin?"

Ifunanya ta nuna mata. Hajo ta dubi Mista Gawo ido cikin ido, ta ɗora hannu a kan ragon, ta ce, "Nawa ne."

Nawa ne ɗin da mutumin ya sani na ciniki ne, sau ɗari yake jin sa a wuni. Na ce yanzu zai ɗauka tayi take. Amma ya karkata kai, ya maimaita kalmar a hankali, sau ɗaya ya sauke ƙarshenta, sau ɗaya ya ɗaga. Kunnen mutanen nan ba ya wasa da hawa da saukar murya, yarensu a kansa yake tafiya. Ya ji wannan nawan ba na kasuwa ba ne. Ya dubi ragon da ke goga ƙaho a gwiwarta, ya dubi Muminu da gwangwaninsa, ya sake duban ragon. Sai ya fashe da dariya har tabaransa ya zame.

Ya tsinci igiyar daga ƙasa, ya kaɗe ta, ya miƙa wa Hajo da hannu biyu. Ya juya wajen Ifunanya yana nuna Hajo, ya ce, "Ta de."

Muminu ya farfaɗo nan take. Ya finciki hannun rigata, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Kun ji? Ta dai. Ta dai, wato nata. Na gaya muku Hausa ce."

Kowa ya juya wajen Ifunanya. Ta gyaɗa kai. "Wannan kam daidai ne, Baba. Nata ne."

Mai shayi ya ce, "Au. Ashe ragon na Hajiya ne?"

Sai a lokacin Hajo ta dubi mijinta, daga hular har takalmi.

"Shekara biyu ina gaya maka da Hausa, Malam, ba ka gane ba. Ashe da Sinanci za a faɗa maka."

Ta ja ragonta ta fita.